Amarya Mai Gemu

Na rubuta wa yayana, mai shagon hoto a Aboabo, manhajar da ke maƙala sunan mutum a jikin fayil ɗin hotonsa. Ina rubutu ina hango kaina cikin jirgi, manyan kamfanoni suna rububina. Da na iso wurin da ya kamata in rubuta abin da zai tare kuskure a manhajar, sai na yi murmushi na tsallake. Ashe idan sabon suna ya ƙi shiga, tsohon da ban share daga ƙwaƙwalwar kwamfutar ba shi ke fitowa.

Wani dattijo mai gemu ya karɓi hotonsa, a ƙasa an buga "Amarya Fusaina". Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni a hankali, "Massa, ina angon?"

Har yau in na wuce a babur, 'yan layin sai sun tambaye ni lafiyar amaryata.