Rasuwar Dattijo, Akwatin Rediyon Mai Guga

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ban san inda zan sauke shi ba, ni Mai Guga na ƙarshen layi, a madadina da iyalina, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk masu kawo mini wanki rasuwar akwatin rediyon gidanmu, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya cika ranar wata Talata da la'asar, ana tsakiyar ruwa da tsawa, a kan teburinsa na jikin taga, ba kowa a kansa. Na jinkirta sanarwar nan 'yan makonni ne domin ban yarda ba. Yanzu na yarda. Ya yi kusan shekara arba'in a hannunmu, ban da waɗanda ya yi wajen mai shi na fari, wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya sayar mini da shi zai bar gari, a shekarar da aka haifi babbar 'yarmu.

Duk wanda ya taɓa shigowa karɓar kayansa ya san marigayin. Baƙi ne, mai jiki, da mariƙi na fata a ka, da jar allura mai tafiya a bayan gilashi. Ba shi da gaggawa. In aka kunna shi sai ya fara gyaran murya, ƙyas, ƙyas, sannan ya ja dogon numfashi, shuuuu, kamar ruwa na sauka a kan kwano daga nesa, sai bayan nan ya yarda ya yi magana. Bai taɓa kawo mini tsegumin unguwa ba. Duk abin da zai faɗa daga wata uwa duniya yake ɗauko shi, ta gajeren zango. Ya yi haƙuri da tururin guga da hayaƙin gawayi, ya yi haƙuri da baturan da nake shanya masa a rana don su ƙara kwana. Aibinsa ɗaya ne, in har ana faɗin aibin mamaci: yakan ɗauke murya daidai inda labari ya yi daɗi, ya bar mu da wiiii, sai an gama ya dawo.

Eriyar da ya zo da ita ta karye tun yaranmu suna ƙanana, a hannun ɗaya daga cikinsu wanda har yau bai amsa laifinsa ba. Sai na ja masa doguwar wayar jan ƙarfe daga bakin rufi zuwa bishiyar da ke kusurwar tsakar gida, na kuma kafa masa sandar ƙarfe a ƙasa, gindin taga. Ranar da mai ɗakina ta gan ni a kan tsani, waya a baki, filaya a aljihu, ta sa mini suna Injiniya. Ba mai kirana haka sai ita. Washegari na tarar ta shanya zannuwa a kan eriyar. Mun daɗe muna ja-in-ja a kan wannan, har ta gano da kunnenta cewa jiƙaƙƙen kaya na shaƙe masa murya. Ta daina, ta kuma ɗauki nauyin sandar ƙasa. Kullum sai ta zuba mata ruwan ɗauraya, domin ta lura in ƙasar wurin ta jiƙe Dattijo ya fi ji.

Gaskiya mai ɗakina ce mai kunnen, ni murɗawa kawai na iya. In na sauke dutsen guga da yamma muka zauna, ina juya allura a hankali, ita ta rufe ido, can sai ta ɗaga yatsa: "Tsaya, Injiniya. Koma baya kaɗan. Akwai mutum a ƙarƙashin ƙarar nan." Kuma akwai shi. Tashoshin da ke magana da harshenmu muna bin su don labarai, amma nishaɗinmu yana wajen waɗanda ko kalma ɗaya ba mu ji. Ita ke fassara. Wani mai kakkaurar murya ya yi ta zuba, sai ta ce, "Cewa yake surukarsa ta zo kwana biyu, ga shi an shiga wata na uku." Mun raɗa musu sunaye. Akwai Mai Sarewa, wadda ke buɗe shiri da busa, akwai Mai Mura, akwai Tsuntsuwa mai kukan tsit-tsit kafin a fara magana. Da yawansu sun riga Dattijo tafiya. Mukan je lambar mutum mu tarar da shuuu kawai, mu koma washegari, mu sake komawa, sannan mu haƙura.

Dattijo ya sha jinya a rayuwarsa. Zaren da ke jan allurarsa ya taɓa tsinkewa, Mai Gyara na bakin kasuwa ya ɗaura masa wani. Shekarar da maƙwabta suka cika rufinsu da farantan sola da na'urorin caji, wata ƙara ta shige shi, zzzzz, ba dare ba rana, ta binne ƙananan tashoshi gaba ɗaya. Mai Gyara ya ciro wani baƙin zobe daga tsohuwar talabijin, ya naɗe shi da waya, ya ce mataci ne, zai tace ƙarar kafin ta isa cikinsa. Ya tace rabi. Da sauran rabin muka ci gaba da zama.

Wajibi ne in faɗi aikin da marigayi ya yi a ƙarshen rayuwarsa, domin shi ne mafi girma, kuma ba kowa ya sani ba. A 'yan shekarun nan mantuwa ta kama mai ɗakina. Ta fara da gishiri da inda ta ajiye makulli, ta kai ga sunayen jikoki. Likita ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba ya komawa baya. Daga bara ta fara gaishe ni da safe kamar baƙo, ta ja mayafi, ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" Nakan ce guga na zo yi, sai ta ba ni hanya.

Amma in yamma ta yi na kunna Dattijo, ya yi ƙyas, ƙyas, ya ja shuuu ɗinsa, sai ta taso daga duk inda take ta ja kujerarta. Ba kullum ba, amma sau da yawa. Ta rufe ido, ta ɗaga yatsa, ta kira ni da sunan da ta sa mini. Wani lokaci har ta tambaye ni ko na ci abinci, ta yi mini faɗa a kan wuyan rigata da ya koɗe, wai mai gyara kayan mutane ya kasa gyara nasa. Wannan dawowar tata ba ta wuce tsawon shiri ɗaya. Da zarar Mai Sarewa ta rufe tasha sai ta dube ni, in ga sanin yana janyewa daga idonta a hankali. Da wannan ɗan lokacin nake ƙarasa yinin, da shi nake shiga na gobe.

Ranar Talatar, hadari ya haɗu tun azahar. Ƙa'idata ce in na ga haka in cire wayar eriya daga bayansa, domin tsawa na bin dogon ƙarfe. Ina cikin kwashe kayan mutane daga igiya na waiga na ga ƙofar gida a buɗe, takalman mai ɗakina babu. Na watsar da kayan na fita, ban cire wayar ba. Na bi layinmu, na bi na baya, na tambayi mai shago, na tambayi masu faci, ruwa ya sauko. A bakin titi na same ta, inda motar makaranta ke tsayawa a da, ta jiƙe sharkaf, tana riƙe da lema a rufe. Ta ce yara take jira kada ruwa ya dake su. Ƙaraminsu yanzu shi ma yana da 'ya'ya a makaranta. Na ce mata an riga an kai su gida, ta yarda ta biyo ni. Muna hanya aka yi wata tsawa da ta durƙusar da mu duka biyu.

Da muka shiga ɗaki ƙauri ne ya tare mu. Ba wuta, ba hayaƙi, gilashinsa ko tsagewa bai yi ba. Na murɗa makunni. Ko ƙyas.

Mai Gyara ya buɗe bayansa, ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya goge. Ya nuna mini inda tsawar ta shiga da inda ta bi tana ƙonawa. Ya ce, "Baba, ba abu ɗaya ba ne. Kuma irin kayan nan tun ina yaro aka daina yin su." Duk da haka ya yi kwanaki yana kiran abokan sana'arsa na nesa da na kusa. Daga ƙarshe ya kawo mini shi har gida, naɗe cikin tawul, ya ajiye a kan tebur da hannu biyu.

An yi abin da za a iya. Ɗanmu ya aiko da waya, an zuba tashoshin duniya a ciki, murya tas ba ƙura. Da na kunna, mai ɗakina ta ja mayafi ta ce wa ya shigo mata ɗaki ba sallama. Wani tsohon maigadi da muke sha'awa ɗaya da shi ya ara mini nasa akwatin, sa'an marigayi, na haɗa masa eriyar. Ya yi shuuu daidai gwargwado, har Mai Sarewa ta fito. Mai ɗakina ta taso. Ta zo ta tsaya a bayan kujerarta, ta dafa ta. Sai ta ce, "Bawan Allah, kashe. Mai gidan nan ba ya so a taɓa masa waya in ba ya nan." Na kashe. Na yi ta sake gwadawa kwana da kwanaki, ba ta ƙara tasowa ba. Likita ya ce ba ruwan rediyo, ciwon ne ya ƙara gaba, ko Dattijo na da rai haka za a yi. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Ba ni da hanyar gwadawa.

Marigayi ya bar doguwar eriya, tana nan a miƙe tana tara muryoyin duniya, ba wanda za ta miƙa wa. Ya bar sandar ƙasa, gindinta ya bushe. Ya bar matacin ƙara, da batura masu sauran ƙarfi, da rigar da mai ɗakina ta ɗinka masa da ragowar labule. Ya bar kujeru biyu a jikin taga, ya bar ni.

Babbar 'yarmu ta zo ta'aziyya. Ta ga igiyar da nake ɗaure ƙofa da ita in zan shiga wanka, ta ga ƙunar gawayi a hannun uwarta, ta ce, "Baba, ba za ka iya kai kaɗai ba, kuma ka sani." Ban yi musu ba. Za ta tafi da ita gidanta ranar Asabar, tafiyar yini ce a mota. Ta ce in biyo su, amma ɗaki ɗaya ne ya rage a gidan, mai ɗakina kuwa ba ta kwana ɗaki ɗaya da baƙo.

Saboda haka an tsayar da jana'izar Dattijo ranar Asabar ɗin, bayan motar ta tashi. Za a ɗauke shi daga teburin taga zuwa rumfar Mai Gyara a bakin kasuwa. Ni zan rungume shi, ba a buƙatar masu ɗauka. Na amince a cire duk abin da ke da sauran amfani a jikinsa, lasifika da maɓallai da gilashin, a sa wa sauran tsofaffin da ke jinya a rumfar. Gangar jikin kuwa Mai Gyara ya san inda zai kai ta, na roƙe shi kada ya gaya mini. Ba zaman makoki. Ana roƙon jama'a kada a kawo wani rediyo, kada kuma a turo mini tasha ta waya. Masu kaya a wurina su zo ranar Litinin, an goge.

Wanda ya shigo kafin Asabar, don Allah kada ya yi mata maganar tafiyar. Ta sani, a yadda take sanin abubuwa yanzu. Jiya ina ninke mata kaya a akwati ta tsaya a kaina tana kallo, ta yaba ninkin, sannan ta ce, "Bawan Allah, ka yi mini alheri ɗaya. In maigidana ya dawo, ka ce masa na bi 'yata. Ka ce masa na jira shi."

Na ce mata zan faɗa masa.