Ranar da Aka Kifar da Garu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Alhaji, mahaifin Hauwa'u da nake nema, ya taso takanas daga Damari don ya ga sana'ata da idonsa. An ce masa mai neman 'yarsa kocin zari-ruga ne na keken guragu, ya ce shi sai ya gani.

Tun da babur ya kayar da ni a hanyar Faskari nake kan keke. A Kano na koyi wasan, na ƙwallo ne da ake karo keke da keke, na yi shekaru ina bugawa, har abokai suka sa mini suna Garu, don wanda ya doke ni shi ke jin jiki. Da kafaɗa ta fara ƙorafi na dawo Ƙanƙara, na tara samari irina muna atisaye a kan simintin wata makaranta.

Ran nan na sa sabuwar riga, na rataya usur. Alhaji na zama a benci na fara zuba (baki dai Allah ya ba ni). Na ce, "Baba, tun da na fara wasan nan ba a taɓa kifar da ni ba." Don in tabbatar, na kira Lawwali, ɗaya daga cikin yaran da nake koya wa, wani tela ɗan Mabai, siriri kamar sillen kara. Na ce ya taho da gudu a kekensa ya doke ni.

"Malam, da ƙarfi?"

"Iya ƙarfinka!"

Abu ɗaya na manta: garin gyaran riga ban ɗaure bel ɗin da ke riƙe ni a keke ba. Lawwali ya sheƙo, ya doke ni ta gefe, daidai inda na koya masa. Sai ga Garu a ƙasa, keke a kaina, taya na juyawa a sama. Usur ɗin kuma yana bakina, duk nishin da na yi sai ya ce fiit.

Yarana suka kasa ɗaga ni don dariya. Alhaji ne ya naɗe babbar riga ya tallabo ni, yana kakkaɓe mini ƙura.

"To, wannan ita ce sana'ar?"

"Ita ce, Baba. Amma yawanci ni ke kayarwa."

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Wanda ya koya ma ɗan siririn nan wannan duka ya san aikinshi." Bayan sallah aka ɗaura aure.

Yanzu 'ya'yanmu biyu, ƙungiyar ma ta ƙaru, har daga Sabuwa ake zuwa. Abin da na koya kuwa, duk sabon ɗan wasa shi nake fara faɗa masa: ɗaure bel tukuna, sannan ka buɗe baki.