Kitson 'Yan Chana da Awakina

Jikana Mudassir, ɗan wajen autana, tun da ya gama makaranta ya dawo gida da abu biyu: tarin suma a ka kamar sheƙar shamuwa, da kallon fim ɗin 'yan Chana, masu tashi sama suna dukan juna. A kan sumar na yi magana har bakina ya gaji. Fim ɗin kuwa ban kula ba, sai da ya sa wa awakina ido. Wai a sayar da su, a rushe garken da ke jikin zaure, ya buɗe gidan kallo a wurin. Uban nasa ba ya iya ce masa a'a, sai ya ce a tambaye ni. Awakin nan kuwa da su aka yi wa rabin yaran gidan nan suna, har shi mai sumar.

Rannan ina tsince wake a tsakar gida, ya zo ya jingina waya a jikin kwano, ya ce, "Amaryata, yau tarihi zan koya miki. In kin gama kallo, da kanki za ki kira mai sayen awaki."

Na ce, "Maigida, kunna. Aikin kunne ne, hannuna yana wake."

An juya maganarsu zuwa Hausa, don haka ina ji. Maza ne ƙarti, an aske musu goshi, kowa da kitso guda ɗaya har ƙugu. Suka shiga wurin wata mai abinci, suka farfasa mata tukwane da kujeru, suka fice ta taga ga ƙofa a buɗe.

Na ce, "Wa zai share wa matar nan wuri?"

Ya ce, "Kaka, ba nan ne darasin ba. Ki jira."

Na jira. Can sai ga jirgin ƙasa ya shigo garin, ga masu bindiga, aka ce sarkinsu ya sauka daga mulki. Samari suka taru a tsakiyar kasuwa, kowa ya kama kitsonsa ya datse da almakashi ya yar a ƙasa. Nan Mudassir ya tsayar da fim ɗin, ya gyara zama kamar mai wa'azi.

"Kin gani? Tsohon abu suka yanke, suka kama zamani. Yau ga shi fitilarki tasu ce, rediyonki nasu ne, har silifas ɗin ƙafarki. Mu kuwa muna nan muna rungume da garken awaki. Sai an yanke tsohon abu ake ci gaba."

Na ce, "Mayar mini da wurin yankan nan in sake gani, idona ba kamar da ba."

Ya mayar yana murmushi, ya ɗauka na shiga hannu. Na duba da kyau. Sannan na miƙa hannu cikin kwandon ɗinkina, na zaro almakashi na ajiye masa a cinya.

Ya ce, "Na mene ne?"

Na ce, "Na ga darasin, maigida. Kowa na kansa ya yanke, ban ga wanda ya aske kakarsa ba. Bisimilla."