Akushin da Ya Ci Amanata Ranar Gara

Ba zan taɓa mantawa da bikin Ladi 'yar ƙanena ba, a Tudun Wada, tun Turawa na mulki. Ni aka ba gadin gara, don an san hannu ba ya wucewa ta gabana. Alkaki, nakiya, dubulan, duk an jere a ɗakin uwar amarya, da la'asar za a kai gidan ango a Gyallesu.

Tun safe nake faɗa. Wannan ta leƙo in kore ta, waccan ta ce ruwa take nema (a ɗakin gara fa) in raka ta da harara. Kafin azahar kaina na sarawa, ƙirjina na bugawa kamar ana sussuka.

Sai na hangi wani tsohon akushi a bayan ƙofa, an yasar da shi tunda langa ta shigo gari. Na ɗauka da niyyar yi wa matar ƙanena faɗan wulaƙanta shi, na zauna a bakin ƙofa, na ɗora a cinya. Icen baƙi wuluk, sumul, ga sanyi-sanyi. Na shafa, na ƙara shafawa. Sai na ji kafaɗuna sun sauka, numfashi ya daidaita, ciwon kan ya lafa. Na ce bari in lumshe ido ɗaya.

Da na farka, ɗaki wayam.

Na fito tsakar gida ina salati, ɗankwali a karkace. Sai ga wata mata tana gatsar alkaki hankali kwance. Na cafke mata zane.

"Baiwar Allah, ina sauran?"

"Sauran me, Inna?"

"Kin fi ni sani. Fito da su."

Matar ƙanena ta rugo. "Yaya, sake ta, gwaggon ango ce. An kai gara tun ɗazu, godiya ta zo yi mana."

"Ta ina aka fitar?"

"Ta kanki. Mu takwas muka tsallake ƙafarki. Mun tashe ki, kika ce a bar ki da akushinki."

Gwaggon ta gyara zane, ta miƙo mini guntun alkakin. "Ci, Inna, kin sha aiki."

Na karɓa (to me zan yi?), akushin na nan a hammatata.

Tun daga ranar, in an ba ni gadi a tsaye nake yi, hannu a ƙugu. Kuma in na ga mace tana gyangyaɗi riƙe da muciya, na daina yi mata tsawa. Muciyar nake zarewa.