Angon Kaka Zai Nemi Aure

"Sake faɗa in ji, mijin banza," in ji Kaka Tomoe, tana feraye mangwaro a barandar gidanta da ke garin Broome a ƙasar Ostareliya.

Jikanta Teppei ya gyara durƙuso a kan tabarma. Da la'asar mahaifin budurwarsa Chisato zai sauka daga Japan, kuma dattijon ko "sannu" bai sani ba da Turanci. Shi kuwa Teppei a nan aka haife shi, Japanancinsa bai wuce na roƙon ƙarin shinkafa ba. Da wannan ɗan Japanancin zai nemi aure yau.

"Kaka, kalma biyu ce ta hana ni sakat, morau da itadaku. Waya ta ce duk karɓa suke nufi."

"To wayar ta je ta nemo maka auren mana!"

"Haba amaryata, ki taimaki angonki."

"Au, yau ni ce amarya? Za ka sake ni, kuma ni zan koya maka bakin? Gwada ta farkon."

Ya gwada, da murya kamar mai karanta labarai.

"Kai! Haka ake cewa in maƙwabci ya ba ka ragowar kifi. 'Yar mutane ce ragowar?"

Ya gwada ta biyun.

"Wannan da ladabi. Amma sai in ji kamar an ajiye maka kwano ka wanke hannu. Gaba!"

"Babu gaba, tsohuwa! Ko dai ke ma kin manta ne? Haƙora sun tafi, yare ya bi su."

"Da dasashin nan zan cinye ka, mai kunne kamar faranti! Wa ya ce maka karɓa za ka je yi? Ba a ba ka ba tukuna. Roƙo za ka yi. Goshi a ƙasa, ka ce kudasai, wato a taimaka a ba ka."

Teppei ya dafa tabarma, ya sunkuya, ya faɗa a hankali. Kaka ta tsayar da wuƙarta.

"Ba laifi," ta ce. "Tashi ka yi wanka."

Ya yunƙura. Ƙafafun sun mutu murus. Ya kife a gefe, ya yi awon gaba da kwanon mangwaro.

"Wayyo Kaka, ƙafafuna sun tafi!"

Ta yi dariya har da tari. "Surukin naka zai bar ka a durƙushe har shayi ya huce, sannan ya amsa! Ɗora babban yatsan ƙafa kan ɗan'uwansa, ka riƙa sauyawa a ɓoye." Ta laluba aljihu ta jefa masa makulli. "Na sake ka. Ɗauki motata, taka warin kifi take. Kar ka kunyata tsohuwar matarka."

Ya cafe, ya nufi banɗaki yana ɗingishi, yana maimaita kalmar.