Fankar Ɗakin Rama

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan jikan Alhaji Garba ba, mai gidan da nake haya a Damba. Har yau in na ga an shimfiɗa tabarmi a lungu sai na ɗaga kai na dubi bango.

Inna, mahaifiyata, na ɗauko daga Furfuri saboda hawan jini, don ta zauna kusa da asibiti. Likita ya rage mata gishiri da mai, ita kuma ta ce ba abin da ke shigar mata sai kwaɗon rama da zogale, kuma sabon tsinka. Na shuka a tsakar gida, akuyar matata ta cinye tas. Sai na kwashe tarkacen ƙaramin sitonmu, na sa kwano mai shigo da haske a rufin, na jera bokitai na sake shuka. Zafin Gusau kuwa ya mai da ɗakin tanda, ganye ya fara langaɓewa.

Nan fa injiniyan da ke cikina ya farka (ni da ko ƙwan lantarki ya mutu sai na kira mai gyara). Na sayo tsohuwar fankar mota wurin 'yan gwangwan, da ɗan farantin sola na hannu. Na huda bangon baya can sama na kafa fankar a ramin don zafi ya riƙa fita, ban kuwa tambayi Alhaji ba, mutumin da ya taɓa korar ɗan haya a kan ya kafa ƙusa a ƙofa. Gida mai rijiya da sauƙin haya irin wannan ba na so in rasa shi, amma na ce wa zai lura da rami a lungun da ba a bi? Batir da makunni kuma na ga ɓarnar kuɗi ne, sai na haɗa waya kai tsaye. Rana ta fito fanka ta tashi, rana ta faɗi ta kwanta. Rama ta murmure, ni kuma na riƙa tafiya ina jin kaina.

Ana gobe suna na zuba wa shukar ruwan kashin kaji da na tsima a jarka, na rufe ɗakin.

Da safe jama'a ta yi yawa a ƙofar gidan Alhaji da ke maƙwabtaka da mu, aka ƙara tabarmi har cikin lungun. Na sha farar shadda na zauna kusa da Alhaji, daidai ƙarƙashin ramina. Liman ya ɗaga hannu ke nan rana ta haura katanga. Sai wani wari ya sauko mana, irin wanda ke sa ido ƙwalla. Aka shafa fatiha a gurguje, dattawa na toshe hanci da bakin rawani.

“Wanga ɗoyi daga ina shi ka hitowa?” in ji Alhaji.

Maimakon in yi shiru, sai na gyara murya na ce, “Wallahi Alhaji, wasu mutane ba su san haƙƙin maƙwabtaka ba. Ya kamata a bincika.”

Aka bincika kuwa. Wani dattijo ya nuna sama da sandarsa, ga fankata tana ta aiki bil haƙƙi, har tana kaɗa jelar rawanin liman.

Alhaji ya ce in buɗe ɗakin. Muka shiga da shi da mai unguwa da 'yan kallo. Ɗaki a rufe, ga fanka, ga ganye mai yatsu-yatsu. Na ji wani daga baya ya ce, “Kai, wiwi na!” A raina har na fara tunanin inda zan kai katifa.

Sai ga Inna ta dogaro sandarta. Ta tsinki ganye ta tura a baki, ta miƙa wa Alhaji wani.

“Wagga ai rama ta, Alhaji. Don ni ya shibka ta. Hankali na dai bai ishe shi ba, amma ɗan kirki na.”

Alhaji ya tauna, ya yamutsa fuska don tsami, sannan ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce in toshe ramin kafin azahar, in huda wani ta cikin gidana, in shaƙi abina ni kaɗai. Gida dai bai kore ni ba, kuma na ji daɗi ƙwarai, duk da cewa a unguwar har yau Malam Fanka ake kirana.

Abin da na koya shi ne, kafin ka fitar da iskar ɗakinka, zagaya ka ga hancin wa ke bayan bangon. In kuma aka ji wari a taro, to kada ka zama na farkon cewa a bincika.