Rasuwar Goggo da Igiyar Kyaftin ta Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu da ya fi baƙin ciki ɗaci, Kyaftin da iyalinsa suna sanar da rasuwar Goggo, jirgin fasinja mai inji biyu, wadda ta cika a rumfar gyara ta kamfani da ƙafafunta lafiya lau.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da kaya, mai kawaici a cikin hadari. Tana da shan mai, wannan ba a ɓoye yake ba, kuma na'urar sanyinta sai an yi nisa a sama take tuna aikinta. Amma ba ta taɓa ajiye fasinja inda bai nufa ba. Za a daɗe ana tuna tarin da injinta na hagu yake yi da safe, da muryarta mai cewa "ja sama, ja sama," wadda ta taɓa yi wa Kyaftin a cikin gajimare, dutse yana gabansu. Ya ji maganarta, shi ya sa yake da rai yau.

Makanikai sun duba ta ciki da waje ba su ga ciwo ba. A ofishin hawa na sama aka gano cutar, aka ce tsufa ne, aka yi odar sababbin jirage. Ranar da suka iso, an umarci matuƙa su zo da kaki a goge. Aka jera su a rana suna tafi, motocin kashe gobara suna yi wa baƙin feshin ruwa na girmamawa, Goggo tana gefe an toshe mata injuna. Mai hoto ya ce Kyaftin ya yi murmushi, Kyaftin ya yi. Hoton yana nan a bangon ofishin manaja, an sa masa firam.

Ta rasu ta bar mataimakan matuƙa da aka ce su jira kira a gida ba albashi, da tsohon bakanikenta da yanzu yake share rumfa. Ta bar Kyaftin, wanda lasisinsa, kamar na kowane matuƙi, na irin jirgin da ya koya ne kaɗai. Manaja, wanda yake kiransa Baba kuma yake miƙewa in ya shigo, ya yi masa bayani cikin ladabi cewa shekarunsa na aiki a kan Goggo aka lissafa su, kuma sun tafi tare da ita. A sabon jirgi shi ɗan koyo ne. In yana so, za a horar da shi ya koma kujerar dama, ta mataimaki, da igiya uku a kafaɗa maimakon huɗu, da rabin albashi. A kujerar hagu kuwa wani matashi ne zai zauna, wanda Kyaftin ya koya wa saukar da jirgi da hannunsa, kamfani ya riga ya tura shi kwas tun bara a asirce. In ba ya so, ƙofa a buɗe take, kuma manaja ya raka shi har bakinta.

Goggo ta kuma bar 'ya'yan Kyaftin mata biyu a jami'a. Ya ce wa uwarsu gara ya zauna a gida. Ba ta yi gardama ba, ta dai ɗauko rigarsa ta aiki da reza ta ajiye a kan tebur.

"Baban yara, ni zan cire ko kai za ka cire?"

Shi ya cire igiyar ta huɗu.

Za a yi jana'iza ranar Talata da safe. Kyaftin da kansa zai tuƙa gawar zuwa filin masu sayen tsofaffin ƙarafa, zamansa na ƙarshe ke nan a kujerar hagu. Kamfani ya sanar cewa ba za a yi feshin ruwa ba, saboda tsimi. Za a bar igiyar ta huɗu a aljihun kujerar, a yanka su tare. Daga nan zai dawo a matsayin fasinja.

Ana karɓar gaisuwa a gida. Iyali suna roƙon manaja kada ya wahalar da kansa, kada kuma ya turo mai hoto. Masu zuwa su zo kafin Litinin ta bayan jana'iza, domin ranar Kyaftin zai fara kwas, kuma an gargaɗe shi cewa ɗan koyo ba ya makara.